Sunan da Ba Ya Fita Bakin Uwa

Kwanan baya wata ɗaliba 'yar garin Tawa ta tsaya a kaina, ta dubi teburina, ta dubi tsohuwar jakata, ta ce, "Kawu, wai wannan shi ne aikin duka? Ai wayata za ta rubuta wasiƙar nan kafin ka cire murfin alƙalami." Na ce gaskiyarta, kuma wayar ta fi ni iya nahawun Faransanci. Ban ƙara mata komai ba don akwai mutum uku suna jirana. Amma maganar ta tsaya mini a rai, shi ya sa na zauna in rubuta muku, ku samari da 'yan mata masu yi wa sana'ar nan kallon zama kan kujera.

Ni mutumin Damagaram ne. Sana'ata rubuta wa mutane takardun hukuma, kuma na haura shekara ashirin ina yi. A Guillotière, nan birnin Lyon, in ka ce Malam Laminu ba kowa zai gane ba, amma in ka ce Malam mai dosiye har yara sai su nuna maka shagon telan da teburina yake a bayansa. Dosiye kuwa shi ne tarin takardun da mutum ke haɗawa ya kai ofis, ko na neman izinin zama, ko na gida, ko na makaranta.

A Montreuil na koyi aikin, a gidan leburori, lokacin da karatun da ya kawo ni Paris ya tsaya. Maigidana Mushe Bawa ne, tsohon malamin makaranta, don a ƙasarmu Mushe ake kiran malamin boko, yana da ɗan tebur kusa da ɗakin cin abinci. Wata uku cur bai bar ni na riƙe alƙalami ba. In an kawo wasiƙa sai ya miƙo mini ya ce in karanta sau biyu, sannan in faɗa masa da Hausa, a jimla ɗaya, abin da bature yake so. Na raina wannan darasi har ranar da wani bawan Allah mai wankin kwanuka ya kawo tasa wasiƙar. Na ga kalmar ƙi a layin farko, na ga kwana talatin a ƙasa, na ɗago kai na ce masa an kore shi. Mutumin ya zauna a ƙasa yana salati. Mushe Bawa ya cire tabarau, ya karɓi takardar, ya sa rula ƙarƙashin layi na huɗu ya ce in sake karantawa. Ashe hoton da ya kai ne aka ƙi, saboda ya ɗauka da hula. Kwana talatin ɗin na kawo sabon hoto ne. Mushe bai zage ni ba, ya dai sa ni na raka mutumin wurin mai hoto.

Rular nan tana cikin jakata har yau. Tare da ita akwai baƙin alƙalami, da ledoji masu haske da nake sa kowace takardar asali a ciki don kada mai ko shayi ya taɓa ta, da ƙaramin littafi da nake rubuta ranar da takardar kowa za ta mutu. Aikin rula shi ne babba. Ina jera takardu biyu gefe da gefe, in bi sunaye harafi bayan harafi. Mutanenmu sukan yi dariya in sun ga ina haka, su ce Malam ai duk ni ne. Na sani kai ne. Amma na taɓa samun mutum ɗaya da takardu huɗu: a ta haihuwa Mahamadou, a fasfo Mahamane, a ta aiki Mamane, a ta asibiti Mohamed. A gida duk wanda aka kira a ciki zai amsa. A ofishin nan kuwa mutum huɗu ne, kuma babu ko ɗaya da ya cika shekarun zaman da ake nema.

Shekarar da ta fi ba ni wuya ita ce ta annoba. Ofisoshi suka rufe, da suka buɗe kuma aka ce komai sai ta intanet. Ni da nake da gashi fari na koma ɗan koyo, ina danna kwamfuta da yatsa ɗaya, 'yata tana yi mini dariya. Ranar ganawa da hukuma ta zama kamar ruwa a rijiyar rani, ka leƙa shafin sau goma ka dawo da guga babu komai. Takardu suka riƙa mutuwa a hannun mutane, wasu suka rasa aiki ba da laifinsu ba. Na yi fushi a shekarar nan, fushi sosai, har matata ta ce in bar sana'ar. Ban bari ba, kuma yanzu babu shafin da ban san lungunsa ba.

Takardar da ta fi zuwa teburina ita ce resefise. Takarda ce guda mai hoto, ta 'yan watanni, wadda ake ba wanda ya nemi izinin zama kafin a yanke masa hukunci. Mai ita bai shiga gida ba, ba a kuma kore shi ba, yana zaure. Abin da nake faɗa wa yara kullum shi ne zaman zaure ba ya hana karatu. Na ga da yawa sun ci jarrabawa sun ƙi neman jami'a saboda wani a gidan aski ya ce musu sai da katin zama. Mai resefise yana nema, kuma ana ɗaukarsa. Na cika wa irinsu takardu ba adadi.

Shi ya sa ranar wata Litinin ta watan Yuli, da wata mata ta shigo da 'yarta tana cewa an hana yarinyar jami'a don ba ta da takarda, tun kafin su zauna na san akwai abin da ba a gani ba. Matar ita ce Hajiya Rabi, 'yar Maraɗi, tana aikin gyaran ɗakuna a wani otal, mijinta ya rasu tun suna gida. Yarinyar kowa na kiranta Uwani, shekararta sha tara, ta ci bak, jarrabawar gama sakandare, da maki mai kyau, jami'ar nan Lyon ta ba ta wuri a fannin lissafi. Da ta tura takardun rajista sai aka mayar mata da su, aka ce ta gyara kafin Juma'a ko a ba wani wurin. Ga shi kuma resefisenta zai mutu nan da wata biyu, kuma shaidar shiga jami'ar nan ce za ta ƙarfafa dosiyenta in ta koma sabuntawa.

Bayan mun gaisa Hajiya ta ce, "Malam, wagga yarinya aka hana ma lakwal. Wai resefise ba takarda ba ce."

"Wa ya ce haka, Hajiya?"

"Yaran wata ƙungiyar ɗalibai. Har sun rubuta takardar ƙara."

Uwani ta miƙo mini wayarta. Wasiƙa ce mai shafi biyu, da ayoyin doka da kalmomi masu zafi, wallahi ta yi kyau. Na mayar mata na ce ta ba ni wasiƙar jami'ar tukuna. Na karanta sau biyu. Babu inda aka ambaci resefise ko izinin zama. Abin da aka ce layi ɗaya ne: takardar shaidar da aka turo ba ta wadda aka ba wurin ba ce.

Na jera sakamakon bak da resefise, na ɗora rula. A sakamakon an rubuta Ouani Elhadji. A resefise an rubuta Halimatou Sadia Moussa. Ko harafin farko bai haɗa su ba.

Na ce, "Ɗiyata, wace ce ke a cikin biyun nan?"

Ta ce, "Kawu, duka ni ce mana. Uwani ake ce mini tun ina ƙarama. Wancan na takarda ne."

"To Elhadji fa?"

Ta dubi uwarta. Uwar ta dubi ƙasa, ta shiga gyaran bakin gyale. Nan na gane komai, kuma sai da na danne dariya don ba wurinta ba ne.

Ga yadda aka yi. Yarinyar 'yar fari ce, kuma sunan kakarta ta wajen uba aka sa mata. Kunya biyu ke nan a kan suna ɗaya: uwa ba ta faɗin sunan 'yar fari, ba ta kuma faɗin sunan surukarta. Lokacin da Uwani ta iso Faransa tana 'yar sha huɗu, takardar haihuwarta tana Maraɗi wurin baffanta. Hajiya ta kai ta makaranta ita kaɗai. Magatakarda ya tambayi sunan yarinya, ta ce Uwani. Ya tambayi sunan uba, ita kuwa ko bayan ransa ba ta taɓa kiran sunan mijinta ba, sai ta ce Alhaji. Bature ya rubuta abin da ya ji. Daga baya takardar haihuwa ta iso, aka yi fasfo da ita, aka nemi izinin zama da ita, amma babu wanda ya koma makaranta ya ce a gyara. Shekara biyar yarinya tana karatu da sunan da babu shi a ko'ina, har ta shiga jarrabawa da katin makaranta.

Na ce, "Hajiya, ba resefise ba ne. Jami'a ta ba Uwani Alhaji wuri, sai ga wata Halimatu ta zo karɓa. In kun aika takardar ƙarar nan, Juma'a za ta wuce kuna faɗa da abin da ba a ce ba."

Jin na faɗi sunan, ta ɗan kau da kai. Sai ta ce, a hankali, "To ashe ni na yi."

Na ce mata ba ita ce ta farko ba, kuma abin yana gyaruwa. Takarda biyu muke buƙata. Ɗaya daga ofishin jakadancinmu a Paris, mai shaida cewa sunayen biyu na mutum ɗaya ne. Ɗaya daga shugabar makarantar da yarinyar ta gama, mai cewa ɗalibar da suka sani da wancan suna ita ce wannan, kuma an tura neman gyaran sakamako. Masu magana sun ce ba a fafe gora ranar tafiya, amma mu rabin aikinmu fafe gora ne ranar tafiya, kuma mun iya.

Talata na wuni a kan waya. Na sami ganawa a Paris ranar Laraba, na sami shugabar makaranta ranar Alhamis, kwana ɗaya kafin su rufe don hutu. Na rubuta sanarwar uwa da Faransanci mai sauƙi, layi shida kacal, babu roƙo babu faɗa: ga sunan da na bayar, ga dalilin, ga sunan gaskiya. Na yi wa kowace takarda kwafi uku. Na kuma ce wa Uwani ta kawo duk hoton aji da take da shi, don fuska ba ta da sunan alkunya.

Laraba da safe muka hau jirgin ƙasa mu uku. A ofishin jakadanci muka sami wani dattijo ɗan ƙasarmu. Yana duba takardun ya dubi Hajiya ya ce, "Ɗiyar hwari ce ko?" Ta ce e. Ya ce, "Kuma takwarar uwar maigida." Ta ce e. Bai tambaye ta komai ba bayan wannan. Shi ya karanta sunayen da kansa, ita ta ce haka ne, ya buga hatimi. Kafin la'asar muna cikin jirgin komowa. Na ce wa Hajiya 'yarta tana da ƙwaƙwalwa, irin makin nan ba kowa ke samu ba. Ta dubi taga ta ce, "Allah shi shirya." Uwani ta yi murmushi ta ce, "Kawu, wannan shi ne yabon. Ba ya wuce haka."

Alhamis ce na fi shirya wa, don shugabar makarantar baturiya ce, kuma dole ta rubuta cewa uwa ta bayyana a gabanta. Tun a hanya na ce wa Hajiya kada ta damu, ni zan karanta, ita sa hannu kawai za ta yi. Matar ta karɓe mu da fara'a, ta san Uwani sarai, har ta tambaye ta ko ta huta bayan jarrabawa. Ta karanta sanarwar, ta karanta takardar jakadanci, ta duba hotuna. Sannan ta juya wajen Hajiya ta yi mata tambaya mafi sauƙi a duniya, da Faransancin da Hajiya ke ji sarai: Madam, mene ne sunan 'yarki?

Hajiya ta sunkuyar da kai. Na yi gyaran murya na shiga bayani. Na gaya mata cewa a wurinmu uwa ba ta kiran 'yar fari da sunanta, ba don ƙi ba, don kunya ne da girmamawa, kuma sunan na surukarta ne. Na lura da fuskarta, don a irin wannan wuri shiru kan zama zargi, a ce ko an sauya yarinya da wata. Amma matar mai hankali ce. Ta ce ba ta taɓa jin wannan ba, ta ba da haƙuri, ta ce ita za ta karanta, Madam ta gyaɗa kai kawai. Na fassara wa Hajiya, na ce an gama, ki kwantar da hankalinki.

Hajiya ta ɗaga mini hannu. Ta ce, "A'a, Malam. Kunyata ta ɗaure abin ga, bari bakina shi kwance shi."

Ta gyara zama. Ba ta dubi yarinyar ba, ba ta dubi ni ba, shugabar ta duba ido cikin ido. Ta ce, "Halimatu." Ta sake cewa da ƙarfi, "Halimatu Sadiya. Ɗiyata ce." Sai ta tsaya. Shugabar na jiran sunan uba, alƙalami a hannu. Hajiya ta juyo wajena ta ce, "Sauran, Malam ya hwaɗi." Na faɗa, aka rubuta, aka sa hannu.

Na ga mutane suna kuka a kan teburina saboda an ƙi su, na ga masu kuka saboda an karɓe su. Amma ranar nan ni ne na shiga lalube cikin jaka kamar ina neman wani abu, don idona ya kawo ruwa, kuma ba na son baturiya ta ga Malam mai dosiye a haka. Uwani kuwa ta sa hannu biyu ta rufe fuska.

Juma'a da hantsi muka je jami'a. Ban aika ta intanet kawai na zauna jira ba, ku riƙe wannan: in rana ta ƙure, ka aika, kuma ka kai da ƙafarka. Matar da ke rajista ta jera takardun, ta bi su da yatsa kamar yadda nake bi da rula, ta ɗaga resefise ta duba ranar mutuwarsa, ta ajiye ba ta ce komai a kansa ba. Ta danna kwamfuta, injin ya fito da takarda ɗaya mai ɗumi. Shaidar rajista ce, shekarar farko, fannin lissafi, da sunan Halimatou Sadia Moussa. Na karɓa na duba harafi bayan harafi kafin in bar su su yi murna, na sa ta a leda, sannan na miƙa wa mai ita.

Muna tsaye a tashar taram, jirgin cikin gari, yarinyar ta kasa haƙuri. Ta ce da ni, amma don uwar ta ji, "Kawu, shekara sha tara, sai jiya na ji sunana a bakin Inna. Wallahi ya yi daɗi."

Hajiya tana kallon inda taram zai ɓullo. Can ta miƙa hannu ta karɓi ledar, ta riƙe ta daf da ido duk da ba ta karanta boko, ta shafa wurin sunan da babban yatsa, ta mayar.

Ta ce, "Sau guda ne, Uwani. Kar ki saba."